Sayen Fom Ba Shi Ne Shirin JAMB Ba

 

Tun ranar da muka sanar cewa a wannan karon ƙungiya ba za ta biya wa yaro kuɗin fom ɗin JAMB ba sai ya halarci darasin share fage kuma ya zauna gwajin da malamanmu za su shirya, kunnenmu bai huta ba. An ce mun tsananta. An ce kuɗin jama'a ne, da wane dalili za a gindaya masa sharaɗi. An ce ga 'yan siyasa can suna raba fom ɗari-ɗari ba su tambayi kowa komai ba, mu da ba mu kai su aljihu ba mu ne masu iyayi. Wani daga cikin iyayenmu ma cewa ya yi, "Ku dai ku saya masa, ci da faɗuwa ai na Allah ne." Duk mun ji, kuma ba mu raina mai magana ko ɗaya ba. Amma ba za mu janye ba. Gara mu faɗi dalilinmu a nan inda kowa zai karanta, da a ci gaba da yi da mu a teburin mai shayi.

Mu fara da abin da ba ya son kai, wato lissafi. A jarrabawar 2025, yara kusan miliyan 1.95 ne suka zauna a faɗin ƙasar nan. A sakamakon farko da hukumar JAMB ta fitar, sama da miliyan 1.5 daga cikinsu ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Waɗanda suka samu 300 zuwa sama ba su kai 13,000 ba, ko kashi ɗaya cikin ɗari ba su cika ba. A 2024 ma haka zancen yake, kashi 76 cikin 100 ba su kai 200 ba. Ma'ana, a duk yara huɗu da suka shiga ɗakin nan, uku ba su iya kawo rabin maki ba. To jama'a, a cikin waɗannan miliyoyin da suka gaza, akwai wanda ya shiga ba shi da fom? Babu. Kowannensu da fom ɗinsa ya faɗi. Wani uba ne ya sayar da akuya ya saya masa, wani kawu ne, wani kuma a hannun wani mai neman kujera ya karɓa ana tafi. Fom bai ceci ko ɗaya daga cikinsu ba.

Da yawa daga cikin masu ce mana mun tsananta ba su taɓa tsayawa sun tambayi abin da yaro ke tararwa a ɗakin jarrabawar ba. Darasi huɗu ne, Turanci dole, sai uku da suka dace da kwas ɗin da yaro ke nema. Tambaya 60 a Turanci, 40-40 a sauran ukun, jimla 180, cikin awa biyu. Ku raba minti 120 gida 180, za ku ga daƙiƙa 40 ce ke kan kowace tambaya. A cikin daƙiƙa 40 ɗin nan yaro zai karanta tambaya da Turanci, ya fahimce ta, idan ta lissafi ce ya buga, ya zaɓi amsa, ya wuce. Kuma ba a takarda ba. Tun 2013 aka fara shigo da kwamfuta, a 2015 aka rufe ƙofar takarda da fensir gaba ɗaya. Sama da shekara goma ke nan. Amma har yau a cikin garin Bauchi, daga Jahun zuwa Kobi, daga Nasarawa zuwa Bakaro, akwai yaran da ranar jarrabawa ce ranar farko da hannunsu ke taɓa linzamin kwamfuta.

Kada wani ya ce ai yaran yanzu sun iya waya. Shafa fuskar waya daban, zama gaban kwamfuta ana ƙirga maka lokaci a kusurwar allo daban. Hukumar ma ta sauƙaƙa, ta ce ko ba ka iya linzami ba, haruffa kaɗan sun ishe ka: A, B, C, D don zaɓar amsa, N don zuwa gaba, P don komawa baya, S don miƙa aiki. Abin da za a koya wa yaro a yini ɗaya ne. Amma idan ba a koya masa ba, minti goma na farko a ɗimuwa suke tafiya, gumi na zuba, yana leƙen na kusa da shi ya ga inda ake dannawa. Minti goma tambaya 15 ce. Wanda ya san yadda maki biyar ke raba yaro da gurbin karatu ya san abin da tambaya 15 ke nufi.

Yanzu mu zo kan rabon fom ɗin da ake mana gori da shi. Kowa ya san yadda ake yi. A kafa rumfa, a jera kujeru, a ɗauko sankira da makaɗa, a jera yara su ɗaga takarda sama a ɗauki hoto, kafin magariba hoton ya zagaye Facebook da WhatsApp, 'yan koren maigida suna ta addu'ar Allah Ya ƙara girma. Daga nan shi ke nan. Watan Mayu idan sakamako ya fito, wa kuka taɓa gani ya sake kafa rumfa ya ce yaran nan da na saya wa fom su zo in ga makinsu? Nawa ne suka haura 200? Nawa ne suka samu gurbi? Nawa ne ma suka je ɗakin jarrabawar? Ba a tambaya, domin tun asali ba makin ake nema ba, hoton ake nema, kuma an riga an same shi.

A 2025 kuɗin rajista Naira 7,200 ne ga wanda ba ya son jarrabawar gwaji, 8,700 ga mai so. Fom ɗari a farashin ƙasa Naira 720,000 ke nan, ban da kuɗin rumfa da abin sha da sallamar masu kirari. Kowa ya zauna ya lissafa da kansa: wannan kuɗin malamin Lissafi nawa zai riƙe, na Fiziks nawa, na Turanci nawa, na tsawon wata huɗu ko biyar? Man janareta nawa zai saya a zaunar da yara gaban kwamfuta? Sannan a tuna sakamakon JAMB shekara ɗaya kawai yake aiki. Kamar tikitin mota ne, idan motar ta tashi ba da kai ba, takardar hannunka ta zama ta ƙunshe ƙosai. Baɗi sai an sake saye.

Kada a juya mana magana. Ba mu ce taimakon fom laifi ba ne. Mun san akwai gidan da Naira dubu bakwai ita ce cefanen kwanaki, akwai marayun da in ba a saya musu ba ba za su taɓa zama ba, kuma duk wanda ya cire kuɗinsa ya saya musu don Allah, Allah Ya saka masa da alheri. Mu ma za mu saya. Abin da muke jayayya a kai shi ne wanne ke gaba wanne ke baya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yaron da aka miƙa wa fom a watan Fabrairu alhali bai buɗe littafin Kemistri ba tun da ya gama sakandare, ba taimakonsa aka yi ba, an biya masa kuɗin shiga ɗakin da zai kunyata ne. Kuma ciwon bai tsaya nan ba. Yaro ya faɗi sau ɗaya, ya faɗi sau biyu, sai ya yanke wa kansa hukunci cewa shi ba mai ƙwaƙwalwar boko ba ne, alhali ba ƙwaƙwalwa ya rasa ba, mai zama da shi ya rasa. Irin waɗannan yaran ne muke gani daga baya a bakin Wunti suna jiran fasinja, kuma a cikinsu akwai waɗanda da sun samu wata huɗu na karatun kirki da yanzu suna Gubi.

Shi kuwa babanmu da ya ce ci da faɗuwa na Allah ne, gaskiya ya faɗa, babu mai musu. Amma Baba, damina ma ta Allah ce. Ba mu taɓa ganin ka bar gonarka ba sharewa, ba huɗa, ba taki, ka ce amfani na Allah ne ba. Tun kafin ruwan farko kake kai takin gida, kake gyaran garma, kake neman iri. Abin da muke roƙo shi ne a yi wa karatun yaro abin da ake yi wa gona.

Akwai wata ɓarna da ta fi rashin karatu ciwo, domin tana cin har yaron da ya yi karatun. Ita ce zaɓen kwas da darasi. Uba zai ba yaro kuɗi ya ce je ka a cika maka, yaro ya je ya tsaya gaban wani matashi mai kwamfuta da layin mutum hamsin a bayansa, a tambaye shi me kake so, ya ce likita. Kowa likita, kowa lauya, kowace yarinya nas. Ba wanda ya duba masa sakamakon WAEC ko NECO ya ga ko yana da kiredit a darussan da kwas ɗin ke buƙata. Mai neman likitanci sai ya zauna Turanci, Fiziks, Kemistri da Bayoloji. Mai neman injiniya sai Turanci, Lissafi, Fiziks da Kemistri. Yaro ya ji tsoron Fiziks ya musanya shi da wani darasin da yake ganin mai sauƙi ne, ko da ya samu 280, kwamfutar da ke tace masu neman gurbi za ta ajiye shi gefe, ba ruwanta da ɗan wane ne. Duk wannan bayanin yana nan kyauta a shafin hukumar, a manhajar da suke kira IBASS, wadda ta ƙunshi sharuɗɗan kowane kwas a kowace makaranta da kuma jerin abin da za a yi tambaya a kai a kowane darasi. Data ɗin da ake ƙonawa a kallon barkwanci na dare ɗaya ta isa a sauke shi.

Sai kuma rikicin "na ci JAMB". Jama'a, JAMB ba ta da ci ko faɗuwa irin na jarrabawar aji. A taron da aka yi a watan Yulin 2025 an tsayar da 150 a matsayin mafi ƙarancin makin shiga jami'a, 140 ga kwalejojin aikin jinya, 100 ga kwalejojin fasaha da na ilimi. Wannan daɓe ne, ba rufi ba. Ma'anarsa kada wata jami'a ta sauko ƙasa da haka, amma kowace tana da ikon ɗaga nata, kuma kowane sashe yana ɗaukar na sama ne har kujerunsa su cika. Yaro ya zo da 162 yana neman likitanci ko harhaɗa magunguna, gida a yi ta murna, uba ya kama zaryar ofis-ofis da takarda a hannu yana neman wanda ya san wani. Idan jerin sunaye ya fito babu sunan ɗansa sai a ce an yi son kai.

Tunda mun taɓo son kai, bari mu tsaya a nan kaɗan, domin ita ce maganar da ta fi daɗi a majalisa: wai baƙi sun cika jami'ar garinmu, 'ya'yanmu suna zaune a gida. Ƙa'idar ɗaukar ɗalibai a jami'o'in tarayya sananniya ce. Kashi 45 na cancanta ne, ko daga ina yaro ya fito. Kashi 35 na jihohin yankin da jami'ar take. Kashi 20 na jihohin da aka ce suna baya a ilimin boko, kuma Bauchi tana cikin jerin. Wato ɗan Bauchi mai neman Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ƙofa uku yake da ita, yayin da ɗan wata jihar mai nisa ɗaya kawai yake da ita. Idan duk da haka ya riga mu shiga, to a tambayi kai, kada a tambayi baƙo. Wannan jami'a an kafa ta a 1980 a matsayin jami'ar fasaha, ƙarfinta yana wajen injiniya, kimiyya, noma da tsara muhalli. Makullin waɗannan kwasa-kwasan kuwa Lissafi ne da Fiziks da Kemistri, darussan da yaranmu ke gudu tun daga aji huɗu na sakandare kuma ba mai ce musu don me. An kawo mana rijiya har ƙofar gida, guga ne babu.

Kuma zama cikin jerin jihohin da ke baya ba sarauta ba ce da za a riƙa alfahari da ita. An ƙirƙiri jihar nan a 1976. Garin nan ne ya fitar da Malam Sa'adu Zungur, wanda ya tafi babbar kwalejin Yaba a Legas a 1934, lokacin da babu wani kaso da aka ware wa kowa. A makarantar Midil ta garin nan Abubakar Tafawa Ɓalewa ya koyar, a nan Malam Aminu Kano ya koyar. Sunayen biyu daga cikinsu ne a kan jami'o'inmu yau, ta Yelwa da Gubi da kuma ta Gaɗau. Malaman aji ne dukkansu, masu alli a hannu. Da za su dawo su tarar muna jiran a rage mana maki, ba ma jin za su yi mana tafi.

Wasu kuma sun ce ai ita kanta hukumar ba ta da gaskiya, ba ga shi a 2025 shugabanta, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito ranar 14 ga Mayu ya amsa cewa an samu tangarɗa har da hawayensa ba? Haka ne, an samu. Ta shafi yara 379,997 a cibiyoyi 157, kuma an sake musu jarrabawa. Amma a ina? A Legas da jihohi biyar na kudu maso gabas. Bauchi ba ta ciki. Hukumar tana da laifukanta da ba za mu rufe mata ba: a ce yaro ya isa cibiya ƙarfe 6:30 na safe kamar yadda aka yi a 2025, a gari irin namu da Keke Napep ba ya fitowa da wuri, ga ɗaukewar sabis, ga na'urar da ke ƙin karanta yatsa. Waɗannan duk abin magana ne kuma za mu ci gaba da yin ta. Sai dai laifi tudu ne. Yaron da aka tambaya ma'anar kalma ya kasa, ba sabis ne ya ɗauke ba.

Daga nan sai masu gajeriyar hanya. Da zarar an buɗe rajista za ku ga zauruka sun cika a WhatsApp da Telegram, wannan yana sayar da amsa tun kafin ranar jarrabawa, wancan yana cewa yana da mutum a Bwari da zai ƙara maki. Abin takaicin shi ne sau da yawa ba yaro ne ke neman su ba, uba ne ko uwa. Mutumin da ya ce ba shi da kuɗin lesin na wata uku, shi ne zai tura ninkinsa ga wanda bai taɓa gani ba. A 2023 ƙasar nan ta ɗauka da labarin wata ɗaliba a jihar Anambra da ta fito da takarda mai maki 362, har ana yi mata kyauta, daga baya ta tabbata 249 ta samu, aka haramta mata jarrabawar na shekara uku. Ku duba fa, 249 maki ne da gidaje da yawa a nan za su yanka kaza a kansa, amma ƙarya ta cinye shi. A 2025 kuma ma'aikatar ilimi ta tarayya ta ce duk wanda aka kama da satar jarrabawa za a hana shi zama kowace jarrabawa ta ƙasa har shekara uku, kuma da lambar NIN ɗinsa za a bi shi. Lambar nan ɗaya ce har mutuwa, ba a canza ta kamar layin waya.

Haka su ma makarantun da ake kai yara can bayan gari don WAEC, inda ake rubuta amsa a allo. Yaro ya dawo da kiredit tara, har da A1 a Turanci, ya zo JAMB ya kawo 130. Wa aka yaudara? Takardar ta ce ya iya, kwamfutar ta ce bai iya ba, kuma ko an lallaɓa ya shiga jami'a, zangon farko zai raba gardama.

Inda abin ya fi taɓa mana zuciya shi ne wajen 'ya'ya mata, kuma muna roƙon iyayenmu mata su karanta wannan sashen da kyau. Namiji idan ya faɗi bana, akwai baɗi. Mace a gidaje da yawa dama ɗaya take da ita. Idan maki bai kai ba, ba mai cewa a sake gwadawa, sai dai a ce to ai ga manema nan. Ke nan sayen fom ba shiri ga yarinya ba asarar Naira dubu bakwai ba ce kawai, ƙofar ce gaba ɗaya ake rufewa. Kuma ita ce za ta tashi ta share gida, ta ɗora sanwa, ta yi wanke-wanke, ta yi rainon ƙanne, sai dare ya yi ta ɗauki littafi barci ya kwashe ta, yayanta kuwa yana gidan kallon ƙwallo. Mu ne dai gobe za mu kai matanmu asibitin koyarwa mu riƙa ƙorafin babu likita mace, babu ungozoma isassu. Daga ina za su fito? Ga Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya an kafa a Azare, ga kwalejin aikin jinya a cikin gari. Hajiya, awa biyu a yini muke roƙa mata, daga yanzu zuwa Afrilu. A ɗauke mata wanke-wanken dare. Sannan don Allah a bar lalle a yatsu daga lokacin rajista har a gama jarrabawa, ko bikin wa ake yi. Hukumar ta sha yin gargaɗi cewa lalle na hana na'ura karanta zanen yatsa, kuma wadda na'ura ba ta tantance ba ba za ta shiga ɗaki ba.

Ku kuma ƙannenmu, kada ku ga muna yi da iyaye ku ɗauka kun tsira. Babu malamin da zai buɗe kanku ya zuba. Tambaya 60 ta Turanci ita ce ke kayar da mafi yawanku, kuma ba a haddace ta a mako biyu. Akwai karanta labari a amsa tambaya, akwai cike gurbi, akwai kalmomi masu ma'ana ɗaya da kishiyoyi, akwai furuci da inda ake danna murya a kalma, sannan akwai littafin da hukumar ke bayarwa lokacin rajista. Shekarun baya The Life Changer ne na Khadija Abubakar Jalli, a 2025 aka koma The Lekki Headmaster na Kabir Alabi Garba. Kuɗinsa yana cikin kuɗin fom, an riga an biya. Amma sai ka ga yaro ya ajiye shi a kan taga yana neman taƙaitawa ta shafi biyu a waya. Maki ne fa a zube a ƙasa, kawai a sunkuya a ɗauka. Tambayoyin shekarun baya kuma ba don haddace amsa ake yin su ba. Ka sa agogo, ka yi 40 cikin minti 25, ka duba inda ka faɗi, ka koma littafi ka gano dalili. Wanda ya yi haka kullum na wata huɗu, shi da wanda ya fara ana saura mako biyu ba za su taɓa zama ɗaya ba.

Ku kuma duba kalanda. Rajista takan kama daga ƙarshen Janairu ko Fabrairu zuwa Maris, jarrabawa a Afrilu. Azumi mai zuwa zai kama daga Fabrairu zuwa Maris, daga shi sai hidimar Salla, daga ita sai zafin Afrilu na Bauchi da kowa ya sani, ga rashin wuta. Duk wanda ya ce sai ya sayi fom zai fara karatu, to ya sani a cikin ƙishirwa da gyangyaɗi zai fara. Watannin sanyin nan da muke ciki su ne lokacin.

Akwai ƙananan abubuwa da suke kayar da manyan shiri. Tun 2021 ba a rajista sai da NIN. Suna da ranar haihuwar da ke kan NIN su ne za su hau fom, don haka idan a NIN an rubuta Muhammad a WAEC kuma Mohammed, ko shekarun sun saɓa, yanzu ne lokacin gyara, ba ranar da layi ya kai titi ba. Lambar rajista ana samun ta ne ta hanyar tura NIN zuwa 55019 ko 66019, kuma layin da aka tura da shi ya zama na yaron ne ko na gidansu, a adana shi kamar takardar fili, domin ta nan saƙonni za su riƙa zuwa. A yi rajista a cibiyar da hukumar ta amince da ita, ba kowane shagon buga takardu ba. A yi da wuri, kafin kujerun cikin gari su cika a tura yaro wani wuri. A biya kuɗin jarrabawar gwaji, bambancin Naira 1,500 ne a 2025, kuma ita ce damar da yaro zai zauna a ɗaki irin na gaske kafin ranar gaske. Wanda bai kai shekara 16 ba a bar shi ya ƙara nuna. Bayan jarrabawa kuma a tabbatar an ɗora sakamakon WAEC ko NECO a shafin CAPS, a riƙa leƙawa, domin gurbi yakan zo yaro bai sani ba har ya wuce.

Kuma a daina ɗaukar duk abin da ba jami'a ba a matsayin faɗuwa. Ga kwalejin fasaha ta tarayya a Gwallameji, ga ta Tatari Ali a Wuntin Dada, ga kwalejin ilimi ta Kangere da ta Aminu Saleh a Azare. Mai difloma ko NCE mai kyau yana da hanyar shiga jami'a kai tsaye daga aji biyu. Yaro ya shekara uku a gida yana jiran likitanci da maki 170, sa'ansa da ya shiga Gwallameji ya gama difloma har ya wuce. Masu cewa ko ya samu gurbi ba mu da kuɗin makaranta, tun 2024 akwai asusun lamunin ɗalibai na NELFUND, babu ruwa a ciki, kuma sai ɗalibin da ya riga ya samu gurbi a makarantar gwamnati ke iya nema. Ko shi ma, sai an ci maki tukuna.

Sharaɗinmu dai bai wuce wannan ba: yaro ya zo darasi, ya zauna gwaji a kan kwamfuta, mu zauna da shi da mahaifinsa ko wakilinsa mu duba sakamakonsa na sakandare da kwas ɗin da ya dace da shi, sannan mu biya. Wanda gwaji ya nuna bai shirya ba ba korarsa za mu yi ba, zai ci gaba da zama a aji, kuma gara a gaya masa gaskiya a ɗakinmu da kwamfuta ta gaya masa a watan Mayu. Masu hali da suka saba ba da kuɗin fom, muna roƙon su raba shi biyu, rabi ya tafi ga malamai da man janareta. Ɗalibanmu da ke Yelwa, Gubi, Yuli da Gwallameji, da masu hidimar ƙasa da ke cikinmu, kun bi ta wannan ƙofar kwanan nan, kun fi kowa sanin inda take tsukewa, muna neman awa biyu daga gare ku ranar Asabar ko Lahadi, musamman masu Lissafi, Fiziks da Turanci. Wanda kuma yake da tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka ajiye a ƙarƙashin gado, ko da batirinta ya mutu, ya kawo ta aro zuwa Afrilu. Muna da mai gyara, kuma za mu rubuta sunan mai ita a jikinta.

Sakatare,
a madadin shugabannin ƙungiya.